Mun Tsaya A Na Sha Biyar

Jama'a, yau ku yi haƙuri da ni, ba sharhin fim na kawo muku ba, ko da yake fim ne ya jawo min komai. Kun daɗe kuna cika min waya da tambaya ɗaya: "Alƙaliya, babu fim ɗin da ba ki yanke wa hukunci ba, me ya hana ki cewa uffan a kan ƙarshen na 'yan Koriyan nan, na mai gyaran agogo?" Wata har cewa ta yi ko biyana aka yi in yi shiru. Baiwar Allah, wa ya san da zamana a Koriya balle ya biya ni? Gaskiyar magana ban kalla ba. Kashi sha shida ne, ni kuwa na tsaya a na sha biyar, yau sama da shekara ke nan.

Ga waɗanda suka shigo shafin nan kwanan nan, Yayana ne ya laƙaba min Alƙaliya tun ina 'yar mitsitsiya, don ba a taɓa kashe talabijin a gidanmu ban miƙe na faɗi wanda ya yi daidai da wanda ya kwafsa ba. Sunan ya bi ni har shagon Gwaggo, inda nake ɗinkin labule. Can ma ban fasa ba. Ƙafata na kan keke, bakina na kan finafinai.

Kun dai san ra'ayina. Abin da ke ƙona min rai da sababbin finafinan nan, kowa mai kuɗi ne. Yarinya za ta farka daga barci da jan baki da gashin ido, sai ka ce a wurin biki ta kwana. A ɗauko gida daga sama, a zagaya da mu, a jera mana motoci, labari kuwa ko cikin cokali babu. Kuma don Allah ku riƙa duba labulensu! Gida ƙato, labule ya ɗage daga ƙasa kamar wandon da yaro ya girme wa. Su ma 'yan Koriya ban wanke su ba. Ruwan sama ba ya ƙare musu, laima ɗaya ce a garin gaba ɗaya, kuma da zarar soyayya ta fara daɗi sai wata babbar mota ta ɓullo daga inda ba a sani ba, ta buge mutum ya manta sunansa. Amma abu ɗaya na sara musu: sun iya jira. Namiji zai kai rabin fim yana son yarinya bai ce mata komai ba, iyakarsa ya matsar mata da kofin shayi kusa da hannunta. Ni wannan matsar da kofin ya fi min duk wata rawa da waƙa.

Ina cikin irin wannan ɓaɓatun wata rana a shago, sai na ji murya daga ƙarƙashin teburin yanka.

"Ban yarda ba."

Na leƙa. Ashe mai gyaran keke ne da Gwaggo ta kira, yana kwance a ƙasa, hannunsa duk baƙin mai.

"Da me ba ka yarda ba?"

"Da duk abin da kika faɗa. Wannan ba jira ba ne, tsoro ne. Mutum ya buɗe baki ya yi magana mana, ya bar masu kallo su huta."

'Yan shago suka kwashe da dariya. Na ce masa ya gyara abin da aka kira shi ya gyara, ya bar abin da ya fi ƙarfinsa. Kafin ya tafi ya karɓi lambata a wajen Gwaggo, wai ko keken zai sake ba da matsala. Keke bai sake ba da matsala ba, amma saƙo bai yanke ba. Ɗan Adawa na rubuta masa a wayata, har yau ban canza ba.

Shi ya kawo shawarar mu kalli na mai gyaran agogon tare. Kun san labarin: wata mata ce mai ɗan shago a lungu, da direban jirgin ruwan da ke kawo mata agogon da lafiyarsa ƙalau, don kawai ya tsaya ya kalle ta tana kwance shi. Doka ɗaya muka kafa, ba a wuce juna. Kashi ɗaya, shi a ɗakinsa ni a nawa, sannan kowa ya turo saƙon murya ya faɗi nasa. Wanda ya leƙa na gaba ya ci amana.

Wayyo, saƙonnin nan. Yakan fara dariya tun kafin ya kai ƙarshen abin dariyar, kana jin hayaniyar titi a bayansa. In na ce jarumar ta burge ni, sai ya ce taurin kai ne da ita kamar wata da ya sani. In na yi kuka a wani wuri, sai ya ce shi a nan ne ya tashi ya ɗora shayi. Ban taɓa jin daɗin musu da ɗan Adam kamar yadda na ji da shi ba. Wani lokaci da gangan nake yabon abin da bai burge ni ba, don kawai in ji yana cewa "Ban yarda ba."

Muna gama na sha biyar aiki ya fito masa a wata masana'anta a wata ƙasa mai nisa. Ya zo sallama a ƙofar shago, cikin farar riga mai guga, ranar ce farkon ganina da hannunsa babu mai. Ni kuwa doguwar riga ce a jikina ruwan toka, duk zare ya manne mata, tef ɗin awo na rataye a wuyana.

"Saura na ƙarshe," na ce.

"Ki ajiye mana shi. In na dawo a falonku za mu kalla, Umma na zaune, Abba na zaune, in ga ta inda za ki yi min musu."

Ku gaya min tsakaninku da Allah, in ku ne me za ku fahimta? Namiji ya ce zai zauna a falonku gaban Abbanku. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa cewa yana sona ba, ko sau ɗaya. Amma ni a ranar na ɗauki maganar nan na kulle ta a ƙirjina.

Ba ƙaramar wahala na sha ba wajen tsare kashin nan. Ƙanwata Auta ta kalle shi a falo da ƙarar talabijin har ƙarshe, ni ina banɗaki na sakar wa kaina famfo don kada in ji. Na fita daga zauruka biyu na ƙawaye a waya saboda shi. Akwai ranar da na sauka daga motar haya ban kai inda za ni ba, don wasu 'yan mata a bayana sun fara "Ke, kin ga yadda aka ƙare..." A shago kuwa sun mai da ni abin wasa, da na dame su da surutu sai ɗaya ta ce "Bari in gaya muku ƙarshen na agogo," sai in toshe kunne in yi tsit. Gwaggo ta ce tunda take ba ta taɓa samun maganin bakina mai araha irin wannan ba.

Ina kewarsa, ba zan ɓoye muku ba. Kewa irin wadda in keke ya fara wata ƙara sai in ji gabana ya faɗi don murna, kafin in tuna wani dattijo ne yanzu ke zuwa gyara. Saƙonninsa suka fara ja baya. Lokacinmu ba ɗaya ba, in ina tashi shi yana shiga aiki, in na turo da safe amsa sai washegari. Na koma sauraron tsofaffin ina kalmasa bakin labule, har na san inda zai yi tari a kowanne. Duk lokacin da zuciyata ta fara raya min wani abu, sai in buɗe fim ɗin in kalli hoton kashi na sha shida ban taɓa shi ba, in ce ai muna da wannan.

Yawan kallon waya ne ya ci min ido, har na fara kasa zura zare a allura. Umma ta tasa ni gaba zuwa wajen likitan ido. Mutum ne dogo, marar hayaniya, mai magana kamar yana tsoron kada ya tashi wani daga barci.

"Karanta min layin ƙasa."

"Akwai wani layi a ƙasa?"

Ya rubuta min tabarau, ya ce in rage kallo. Na ce gara ya ce in rage numfashi. Ya yi murmushi. Ba a daɗe ba sai ga shi a shago, wai ofishinsa na buƙatar labule. Na ɗinka, aka kai. Ya dawo wai kamar ya yi tsawo. Na auna, daidai yake cif. Ya sake dawowa wai ƙarfen ratayar ne bai gane ba. Na ce a raina, Likita, wannan salon na san shi, kashi sha biyar na yi ina kallonsa.

Daga nan ya bi ta wajen Yaya, Yaya ya kai shi wajen Abba. Ba ni da abin kushe shi, wannan shi ne abin haushin. Yana gaida Umma a durƙushe, ya canza wa Abba gilashin karatu, har Auta marar kunya tana gyara zama in ya shigo.

Farkon makon nan Abba ya kira ni bayan karin safe. Ya ninke jaridarsa, ya nuna min kujerar kusa da shi.

"Mamana, zauna. Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa Yayanki ba. Amma mutumin nan ya biyo ta hanya, manyansa na jiran in ce su zo ko kada su zo. Ba kyau a bar mutum tsaye a bakin ƙofa. In akwai wani, ki faɗa min, ya turo. In babu, ki ba ni amsa kafin makon nan ya fita."

In akwai wani. To me zan ce? In ce Abba akwai, amma abin da ke tsakaninmu kashi ɗaya ne na fim? Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina. Umma da ke kwashe kofuna ta ce, "Ai ka bar ta, wannan wayar ce mijinta." Abba ya ce ta ƙyale ni. Da ya yi min faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Jiya Likita ya ce zai zo da la'asar. Na dawo daga shago da wuri na tarar Umma ta canza rigunan kujeru, ta fito da kofunan baƙi, ta shimfiɗa min koriyar rigata a kan gado da mayafinta, wai ita ce ke fito da ni. Na zauna kusa da rigar na kasa sa ta. Don in rage abin da ke cina, na ɗauki waya na yi wa Ɗan Adawa saƙon murya a kan wani sabon fim da na kalla, wanda aka yi ta jan mu da rigima, ƙarshe kowa ya ruga filin jirgi aka rungume juna, shi ke nan wai an shirya. Na zage darakta tas. Ban sa ran amsa ba sai washegari, sai ga ta nan take.

"Alƙaliya, kin cika mita," ya ce, yana wannan dariyar tasa. "Ai duk haka suke ƙarewa. Ko namu na agogo ba a tashar jirgin ƙasa suka rufe shi ba? Ita da jar rigar nan, shi yana gudu kamar an biyo shi."

Na sake saurara. Na kuma sakewa. Kashi sha biyar ɗin nan na haddace su kamar karatun jarrabawa. Babu jirgin ƙasa a ciki, babu jar riga.

Na kira shi. Ya ɗauka, ana jin ƙarar injina a bayansa.

"Yau kuma kira? Lafiya?"

"Wace tasha?"

"Tashar ƙarshen mana, inda ta..." Sai ya tsaya. "Dakata. Wai ba ki kalla ba har yanzu?"

"Ka ce in ajiye mana."

"Kai, Alƙaliya!" Ya yi dariya, amma ta mutu a hanya. "Ni fa tun a jirgi na kalla, ranar da na tafi. Tafiyar da nisa, barci ya ƙi zuwa, ga shi a wayata. Wallahi na ɗauka ke ma kin daɗe da gamawa."

Ranar da ya tafi. Ranar da na shige ɗakin ajiyar shago na cusa fuskata cikin ragowar yadi don kada Gwaggo ta ji kukana, shi yana sama yana kallon ƙarshenmu da abin ji a kunne. Jama'a, da a ce da wata ya kalla, da na san inda zan kai fushina. Babu wata. Mantawa kawai ya yi. Ashe duk tsawon lokacin nan ni kaɗai ce a cikin alƙawarin.

"Kina jina? Ki kalla mana, yana da kyau. Za ki yi kuka, na san ki."

"Yaushe za ka dawo?"

"Sun ƙara min kwantiragi. Sai dai mu ga abin da hali ya yi."

Na rufe ido na faɗa, don in ban faɗa a lokacin ba ba zan taɓa faɗa ba. "Abba na jiran amsata. Akwai wani likita da ke nemana."

Injina kawai nake ji.

"Likita?"

"Likitan ido."

"To," ya ce. Ya sake cewa, "To. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Wani ya ƙwala masa kira daga nesa, ya ce zai neme ni, ya kashe.

Ban san tsawon zaman da na yi ba sai da Auta ta turo ƙofa. "Yaya, Likita ya iso fa. La, me ya samu idonki?" Na ce ta fita min daga ɗaki. Na wanke fuska, na zura koriyar rigar, na shafa hoda, na ɗora tabarau ina fatan zai ɓoye jan idon. Ku ji wauta, wai zan ɓoye wa likitan ido ido.

Yana zaune a bakin kujera, hannuwansa a kan gwiwa, shayin da Umma ta kawo masa na huci bai taɓa ba. Muka gaisa. Ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da kai, bai tambaya ba. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa, wayata a kan cinya. Ta ƙasan labulen ƙofar tsakar gida ina hango yatsun ƙafar Umma.

"Ranki ya daɗe, na yi wani abu ban nemi izini ba," ya ce. "Na fara kallon fim ɗin nan naki, na mai gyaran agogo."

"Kai? Kai da ka ce in rage kallo?"

"Na saɓa wa likita. Amma gaskiya direban jirgin nan yana buƙatar tabarau. Duba yadda yake ƙanƙance ido in zai karanta agogo. Bai kamata a ba shi jirgi ba."

Dariya ta so ƙwace min, ta haɗu da kukan da nake dannewa, na yi tari. Ya matso min da kofin ruwa ta kan tebur har kusa da hannuna. Na kalli kofin nan kamar zai cije ni.

"Na kai na sha biyar," ya ci gaba a hankali, "sai Auta ta ce min ke ba ki kalli na ƙarshe ba, ba kya ma son a yi zancensa. Sai na tsaya. Na ce ba zan wuce ki ba. Duk ranar da kika shirya, sai mu kalla."

Ya Allah. Abin da na shekara ina jira daga bakin wani, ga shi wani daban ya kawo min har falonmu, a kujerar da na riga na ba wancan a zuciyata. Ya kamata in ji daɗi, ko? Haushi na ji. Haushinsa, don ya yi daidai. Haushin kaina, don ko a lokacin ba muryarsa nake son ji ba. Ban san sanda mugunta ta fito daga bakina ba.

"A tashar jirgin ƙasa suka ƙare. Ta sa jar riga, shi kuma yana gudu."

Ya ɗago. "Kin kalla ke nan?"

"A'a. Gaya min aka yi."

Bai ce na ɓata masa ba. Ya dai tsaya yana dubana, irin duban da yake yi in yana haska ido da 'yar fitilarsa. A daidai lokacin wayar ta fara rawa a kan cinyata. Ɗan Adawa. Mutumin da tunda ya tafi bai taɓa fara kirana ba. Na kife ta. Ta katse, ta sake farawa. Umma ta yi gyaran murya a bayan labule.

"Shi ne?" Likita ya tambaya, ƙasa-ƙasa yadda Umma ba za ta ji ba.

Na sunkuyar da kai ina kallon wayar.

"Ki ɗauka," ya ce. "Zan jira."

Wallahi gara ya mare ni da wannan kalmar. Na so in ce masa, Likita, tashi ka tafi, kada ka jira kowa, ni na san abin da jira ke yi wa mutum, ga shi a idona kana gani. Na san sarai abin da aka yi min shi nake shirin yi masa, a gabansa, da shayinsa yana hucewa. Na sani, kuma duk da haka na juya wayar na kara a kunne.

Babu ƙarar injina wannan karon, ya fita waje. Numfashinsa kawai nake ji, kamar wanda ya yi gudu.

"Alƙaliya," ya ce, babu dariya ko kaɗan a muryarsa. "Kada ki ba su amsa tukuna."